Daga Tsiron Dawa zuwa Kwalba: Kundin Gwajina a Tunfure

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na samu a ƙoƙarina na haɗa lemon tsiro a gida, wato irin abin shan nan mai duhu da zaƙi wanda kowa a Gombe yake kira maltina ko da wane kamfani ne ya yi shi. Dalilin fara aikin ba wani mai nisa ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, sayen katan guda domin baƙi ko domin yara ya koma abin da magidanci irina zai yi lissafi sau biyu kafin ya yi, ga kuma azumi yana tafe a farkon watan Maris, lokacin da gidanmu ya fi shan irin wannan abu.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne sanin cewa dawar da muke nomawa tana daga cikin abin da ake zubawa a waɗannan kwalabe. Maltina ta fito kasuwa a 1976, lokacin da kamfanoni ke dogaro da tsiron sha'ir daga Turai. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da shi, sai dole ta sa masana'antun giya da na lemon tsiro suka koma ga dawa da masara, kuma irin dawar da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta inganta, kamar gajeriyar kaura mai lamba SK5912, ya samu kasuwa a wurinsu. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a makarantar sakandare, na kuma sha koya wa ɗalibai yadda sitaci ke rikiɗa ya zama sukari, saboda haka abin kunya ne a ce ban taɓa gwada shi da hannuna ba.

Yau da safe na je kasuwar Tudun Hatsi na sayo kaura sabuwar girbi, wadda da na ɗora ta a sikeli ta ba ni kilo 5. Na ƙirga ƙwaya 100 na shimfiɗa su a kan jiƙaƙƙen tsumma, na rufe da faranti. Dawar da ba ta da rai ba za ta yi tsiro ba, kuma ba na son in jiƙa kilo 5 kafin in gane hakan.

Laraba, 11 ga Disamba

Ƙwaya 94 cikin 100 sun tsaga, wanda ya wadatar ƙwarai.

Abokin aikina, mutumin ƙasar Kaltungo da muke unguwa ɗaya, da ya ji abin da nake shirin yi sai ya yi dariya ya ce in zo in ga mahaifiyarsa, domin ta shekara da shekaru tana dafa burkutu kafin tsufa ya sa ta ajiye ta dawo wurinsa da zama. Na ɗan yi jim kafin in amsa, ba zan ɓoye ba. Amma da na yi tunani sai na ga cewa daga jiƙa hatsi har zuwa tace ruwan zaƙi hanyarmu ɗaya ce da ita, inda muka rabu shi ne ita tana barin ruwan ya kwana ya tashi, ni kuwa a nan nake son in tsaya. Na je bayan la'asar, na gaishe ta, na faɗa mata buƙatata.

Ta ce, "Ɗana, kada ka bar dawa ta kwana biyu a ruwa ɗaya, za ta shaƙe. Ka jiƙa da yamma, ka tsane da safe, ka bar ta ta sha iska, sannan ka mayar. Kuma ka ɗiga mata ruwan toka kaɗan a jiƙon farko."

Na ce, "Mama, ruwan tokar me yake yi?"

Ta ce yana hana fumfuna, haka ta tashi ta ga ana yi. Abin da ta faɗa ya yi daidai da abin da masu binciken tsiron dawa suka tabbatar, cewa jiƙo a ruwa mai ɗan kaifin toka yana rage fumfuna yana kuma taimaka wa ƙwayar ta sha ruwa. Na dawo gida na wanke dawar sau uku, na kwashe duk wadda ta taso saman ruwa, na jiƙa sauran da magariba.

Talata, 17 ga Disamba

Hunturu ya ba ni wahala. Dawa ta fi son ɗumin da ke tsakanin digiri 25 zuwa 30 kafin ta tsira da kyau, ga shi da asuba ma'aunin zafin da na rataye a zaure yana sauka ƙasa da 20 sosai. Bayan jiƙon da ya kai kimanin awa 30 duka-duka, na baza ta a kan jiƙaƙƙen buhun algarara a cikin ɗakin ajiya, kaurinta bai wuce yatsu uku ba, na rufe da wani buhun, ina yayyafa ruwa safe da yamma ina juya ta da hannu. Kwana biyu na farko kamar ba abin da ke faruwa, har uwargida ta fara tambaya ko za a kai wa kaji. A rana ta uku sai saiwoyi farare suka fito, ɗakin ya ɗauki wani ƙamshi kamar na ɗanyen gurji, kuma idan na tura hannu cikin tarin ina jin ɗumi, alamar ƙwayar tana numfashi.

Gefe ɗaya, wajen bango, inda na cika ruwa, ya yi baƙin fumfuna. Na kwashe shi da abin da ke kusa da shi na binne, ban yi rowar ko ƙwaya ɗaya ba, domin gubar wasu nau'o'in fumfuna ba ta mutuwa da tafasa.

Yau, rana ta biyar, tsiron ya kai tsawon gaɓar yatsa, na kwashe na shanya a kan tabarma a saman rumfa. A nan hunturu ya biya ni bashin da ya ci, domin busasshiyar iskarsa tana shanya abu ba tare da zafin da zai kashe sinadaran da ke narka sitaci ba, waɗanda ke lalacewa idan tsiro mai laima ya yi zafi da yawa. Abu ɗaya da ya kamata duk mai son bin wannan hanya ya riƙe shi ne, tsiro da saiwar dawa suna ɗauke da wani sinadari mai suna durin, wanda ke sakin gubar sayanaid. Shi ne dalilin da ya sa makiyaya ke hana shanu cin gyauron dawa ƙarami. Saboda haka idan ta bushe dole a murje ta, a sheƙe tsiron da saiwar su fita, kuma kada a zuba wa awaki ɗanyensu.

Lahadi, 22 ga Disamba

Bayan murza da sheƙewa, kilo 5 ya koma kilo 4 da ɗan kai. Idan aka tauna ƙwayar tana fashewa cikin sauƙi, tana da garɗi da ɗan zaƙi. Na ware rabin kilo na soya shi a busasshen kasko a kan wuta marar ƙarfi har ya yi kalar gasasshiyar gyaɗa, domin daga nan launi da ƙamshi za su fito, ko da yake wannan kason ya rasa ƙarfinsa na narka sitaci.

Na kai kilo 2 injin niƙa na roƙi a ɓarza mini kawai, amma aka mayar mini da shi gari lilis, ga kuma yajin wanda aka niƙa wa kafin ni. Nan gaba turmi zan sa.

Asabar, 28 ga Disamba

Dahuwar farko ta faɗi, kuma laifina ne. Na bi tsarin da masu dafa sha'ir suke bi, na zuba garin a ruwa lita 8, na riƙe zafinsa a digiri 65 har awa ɗaya da rabi ina gauraya. Na ɗiga aidin ɗin da na saya a kemis a kan cokali guda na ruwan, sai ya koma shuɗi mai duhu kamar baba, ma'ana sitaci yana nan daram. Na'urar auna zaƙi da na aro ta nuna kashi 7 cikin ɗari kawai. Tacewa kuma ta zama azaba, domin garin ya toshe ƙyallen tata, muka yi ta matsa ni da babban ɗana har hannuwanmu suka gaji. Abin da ya fito ya fi kama da kunu marar gishiri, aka zuba masa sukari da citta yara suka shanye.

Da na zauna da dare na gane inda na kauce. Sitacin sha'ir yana kumbura ya buɗe a zafin da bai kai 65 ba, saboda haka sinadaran tsiro suna samunsa a buɗe tun suna da rai. Sitacin dawa kuwa sai ya haura 70 yake buɗewa sosai, a zafin da sinadarin da ke ba da sukari mai zaƙi ya riga ya mutu, kuma dama dawa ba ta da shi da yawa kamar sha'ir. Wato idan na rage wuta sitaci ba zai buɗe ba, idan na ƙara kuma in kashe mai aikin.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Ranar Alhamis na koma wurin Mama da ƙorafina da lissafina, ta saurare ni har na gama ba ta katse ni ba, sannan ta tambaye ni ko na ɗebe ruwan sama kafin in ɗora. Na ce wane ruwan sama? Ta tafa hannu ta ce, "Ai kai ka dafa uwa da ɗa a tukunya ɗaya, Malam."

Ga yadda ta bayyana mini. Ana dama garin tsiro da ruwan sanyi a bar shi ya kwanta, sai a tsiyaye ruwan da ya taso sama a ajiye shi a gefe. Ƙullun da ya kwanta a ƙasa shi ake ɗorawa a wuta a dafa shi har ya yi kauri kamar talge. Idan aka sauke, sai a mayar masa da ruwan nan da aka ajiye, a gauraya, a rufe. Ta ce da idona zan ga kaurin ya saki.

Na yi shiru ina kallon tsohuwar nan da ba ta taɓa riƙe ma'aunin zafi ba, domin abin da ta faɗa shi ne ainihin maganin matsalar da na kwana ina zana wa jadawali. Sinadaran suna narkewa su shiga ruwan sanyi, sai a kuɓutar da su daga wuta, a bar sitaci shi kaɗai ya dahu, sannan a haɗa su a zafin da ya dace da kowa. Masu dafa burkutu da giyar da ake kira fito a faɗin Afirka ta Yamma suna yin haka tun kafin a kafa kamfanin giya ko ɗaya a ƙasar nan. Kuma idan aka duba, matanmu masu kunun zaƙi suna kan wannan hikimar, tun da suna dafa kaso ɗaya na gasara su bar wani ɗanye, su haɗa da busasshen dankali ko tsiron shinkafa, su rufe ya kwana. Uwargida da na faɗa mata sai ta ce da na tambaye ta tun farko da ban ɓata kilo 2 ba, na kuwa rasa abin cewa.

Yau na gwada da kilo ɗaya da rabi na farin tsiro da rabin kilon nan da na soya, duka dakan turmi. Na dama da ruwa lita 8, na bar shi awa biyu, na tsiyaye kusan lita 4 na ruwan sama. Ƙullun ya yi minti 30 yana tafasa ina tuƙawa da muciya don kada ya kama, sannan na sauke, na bar shi ya huce zuwa 80, na riƙa zuba ruwan saman a hankali har ma'auni ya tsaya a 63. Na kuma ƙara kofi guda na ruwan ɗanyen dankalin Hausa da na goga na tace, saboda dankali yana da yalwar sinadarin nan da dawa ta gaza a kansa. Cikin minti 10 abin da muciya ke tsayawa a cikinsa ya zama ruwa tsululu. Na naɗe tukunyar da tsohon bargo na bar ta awa biyu. Aidin bai canza launi ba, na'ura kuma ta nuna kashi 14.

Na tace, na tafasa awa ɗaya tukunya a buɗe tare da ɗan kanumfari da citta, na samu kimanin lita 6 da rabi. Launinsa bai kai na kanti duhu ba, domin su suna ƙara ƙonannen sukari, amma ƙamshin nan na tsiro ya fito sarai, kuma ban sa masa sukari ko ƙwaya ɗaya ba. Na aika wa Mama da jarka ƙarama, ta aiko cewa ya yi, sai dai in yi hattara da shi.

Laraba, 8 ga Janairu

Gargaɗinta ya tabbata. Na ɗura lita 3 a robobin ruwa da na wanke na sa a firji, sai wuta ta ɗauke tun daren Lahadi ba ta dawo ba sai jiya da yamma. Da safiyar yau na tarar robobin sun yi tauri kamar ƙwallo, na buɗe ɗaya ta yi tsartuwa har rufi, ga kumfa, ga wani wari mai tsami-tsami da ban buƙaci a faɗa mini ko na mene ne ba. Yis yana nan a iska da jikin mazubi, kuma ruwan zaƙi irin wannan shi ne abincinsa, yana cin sukarin ya fitar da iska da barasa. Na tuttular da su duka a kwata.

Bayan sallar isha na tsaya na yi wa limamin masallacinmu bayanin aikin tun daga farko, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina iyakar take?" Ya tunatar da ni riwayar Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim, cewa ana yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tsimi yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage kuma a ba wani ko a zubar. Ya ce ruwan hatsi mai zaƙi halal ne matuƙar bai kai ga sa maye ba, kuma zubarwar da na yi ita ce daidai. Wannan ya kwantar mini da hankali, amma ya kuma rufe mini wata ƙofa, domin masu haɗa abin sha a gida suna samun iskar da ke cikin kwalba ne ta hanyar barin yis ya ɗan yi aiki, ni kuwa wannan hanya ba tawa ba ce. Kamfanoni suna ɗura iskar ne da inji sannan su gasa kwalaben a ruwan zafi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na jiƙa wani kilo 6 tun ranar 10 ga wata, rabi kaura rabi farafara, a mazubi dabam-dabam. Farafara ta riga tsira da kusan yini guda. Dukansu suna kan rumfa yanzu.

Abokin aikina ya zo da yamma muka zauna lissafi. Shi mai bin labarin masu dafa giya ƙanana ne, ya ba ni labarin wani kamfani da ya fara a Abuja a 2017 ya koma Legas, wanda ya sa wa kansa suna Bature, muka yi ta dariyar sunan. A cewarsa irin waɗannan suna sayar da kwalba da tsada fiye da manyan kamfanoni, domin furen hof mai ɗaci da yawancin tsironsu daga waje suke zuwa, kuma ƙaramar tukunya ba ta taɓa gasa da babba a farashi. Wannan magana ta ƙarshe ta shafe ni kai tsaye. Da muka tara abin da na kashe a dahuwa ta biyu, sai ga kuɗin itace ya kusa kamo na dawa, kuma duk da haka kowane kofi ya zo mini ƙasa da rabin kuɗin na kanti. Amma ban sa ladan kwana goma na yayyafi da juyi da korar kaji ba, ban kuma sa lita 3 da suka tafi kwata ba. Wanda zai yi wannan domin sayarwa sai ya dafa da yawa a lokaci guda, kuma ya mallaki abin sanyaya da ba ya jiran wuta. Dusar da ta rage bayan tata awaki sun cinye ta, wannan ma riba ce da ban rubuta ba.

Ya ba ni shawarar in dafa kwalabe a ruwan zafi in ajiye su a ɗaki. Na ƙi, domin ruwan tsiro ba shi da isasshen tsami, kuma akwai ƙwayar cuta mai haddasa shanyewar jiki wadda iri nata ke jure tafasa, ta kuma fi son rufaffen mazubi marar iska. Ba zan yi wannan caca da 'ya'yana ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mafita ta zo daga bakin uwargida, wadda ta ce a garinsu ba a ajiye ruwan rake ko na ɗinya, maɗi ake yi da shi. Idan sukari ya kai kusan kashi biyu cikin uku na abu, yis da ƙwayoyin cuta ba sa samun ruwan da za su rayu, shi ya sa zuma take shekara ba ta lalace ba.

Na dafa kilo 2 na tsiron kaura ta hanyar Mama, na samu lita 7, na juye a faffaɗar tukunya na bar shi yana ƙonewa a hankali kusan awa huɗu. Awar ƙarshe ita ce mai haɗari, domin yana kumfa yana neman zubowa, kuma ƙiftawar ido ya isa ya kama. Na sauke lokacin da ma'auni ya ɗara zafin tafasar ruwa da digiri 4, ɗigonsa kuma yana jan zare tsakanin yatsu. Ya ba ni lita ɗaya da ɗan ƙari na maɗi baƙi wuluk, kuma dogon zaman wuta ya kawo launin nan da ƙamshin da na rasa a baya. Na ɗura shi da zafinsa a kwalaben gilashi da na dafa. Ludayi ɗaya a ludayi biyar na ruwan randa ya yi daidai, idan kuma aka sa ruwan soda mai sanyi a maimakon ruwa, ƙaramar 'yata ba ta iya bambanta shi da na kanti ba, ko da yake babban ya ce namu ya fi ɗaci a ƙarshen harshe, kuma gaskiyarsa ne.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Kwalbar da na bari a kan kanta da gangan, ba firji, ta cika kwana 15 ba kumfa, ba wari, ba fumfuna a wuyanta. Maɗin farafara da na dafa makon jiya ya fi na kaura haske da taushi a baki, amma bai kai shi ƙamshi ba, saboda haka dahuwa ta gaba zan haɗa kashi biyu na kaura da kashi ɗaya na farafara, in kuma rage soyayyen tsiro zuwa rabin abin da nake sawa ko ɗacin zai ragu.

Zafi ya fara shigowa, wanda zai gaggauta tsiro ya kuma gaggauta fumfuna, don haka zan rage kaurin shimfiɗa in riƙa juyawa sau uku a yini. Muna da kwalba biyu a ajiye, lissafina kuma ya nuna gidan nan zai buƙaci biyar kafin Sallah, ban da wadda na yi wa Mama alkawari da wadda liman ya ce a kawo masa ya ɗanɗana. Na jiƙa kilo 8 ɗazu da magariba, zan tsane ta bayan sallar asuba.